Daron Albasar Gwaggo

Ranar Talata da hantsi Gwaggo ta cika, a ɗakinta na Gyaɗi-Gyaɗi, kanta a kan cinyar babbar 'yarta. Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. Na faɗi haka lokacin da aka aiko mini, na faɗa a cikin motar haya, na sake faɗa a bakin zaure, amma ban ji wani abu ya motsa a ƙirjina ba. Abin da yake ta dawo mini a rai shi ne na bar wake a jiƙe a wurin aiki, ban gaya wa kowa ba.

Kafin azahar gidan ya cika. Babbar 'yarta ta zauna jikin bango ta miƙe ƙafa, duk wadda ta ce mata ya haƙuri sai ta ce da godiya, ba ta ko ɗaga kai. Autanta, magidanci da gemunsa, ya kasa zama cikin maza, sai shiga da fita yake yana jera takalman mata a ƙofar ɗaki, ya jera, ya dawo ya sake jerawa. Ƙanin mijinta kuwa, wanda suka tsufa suna musu a kan komai, ya zauna a zaure yana gaya wa kowa cewa shekaranjiya ma ta yi masa faɗa don ya ƙi shan maganin hawan jininsa. Yana faɗa yana murmushi, in ya gama sai ya sake farowa daga farko.

Wadda ta fi kowa kuka ba jininmu ba ce. Maman 'yan biyu ce, mutumiyar Filato, abokiyar aikinmu a kicin ɗin asibiti, wadda ta fara tuƙa tuwo a ƙarƙashin Gwaggo tun 'yan biyun nata suna goye. Tun daga bakin layi aka jiyo muryarta. Wata malama ta tashi ta riƙe ta, ta ce ta sassauta, mamaci addu'a yake buƙata. Ta ce ta sani, su ma a coci haka ake gaya musu, amma a bar ta tukuna. Aka bar ta.

Ni ina gefe a kan tabarma, idona a bushe ƙamas. Mata suna zuwa suna dafa kafaɗata, suna cewa ai ni aka yi wa mutuwa, ni ce 'yar ɗakinta, ni na gaje ta a wurin aiki. Wata ma har ta yaba tawakkalina. Ba tawakkali ba ne. Ina kallo aka fito da makara, ina kallo maza suka ɗauka suka fita, ina ji kamar a gidan maƙwabta ake yi. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da ita, kuma don akwai abin da na yi mata wanda ban nemi gafararsa ba har ta tafi.

Yayar mahaifina ce. Ita ta samo mini aiki a kicin ɗin bayan na gama sakandare, kuma ranar farko, tun muna kan hanya daga gidanmu na Daurawa, ta gindaya mini sharaɗi: a can ba ta da 'yar ƙane, Inna kowa yake ce mata, ni ma haka zan ce. Saboda haka ta zama mutum biyu a wurina. A gida Gwaggo ce mai ajiye mini ƙanzo, a wurin aiki Inna ce da za ta dawo maka da tukunya sau uku saboda ɗigon maiƙo a bakin murfi. Ba ta yabo. In aikinka ya yi kyau, shiru za ka ji, kuma da wannan shirun muke tafiya gida muna murna.

A zamaninta ba mu da jadawalin aiki. Da sassafe takan zauna a kan kujerarta 'yar tsugunno a ƙofar sito, kayan aiki a jere a gefenta: muciya, ludayi, rariya, wuƙa, faifan tsintar wake, da mabuɗin keken da ake tura abinci zuwa ɗakunan marasa lafiya. Kowa ya zo sai ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, ta miƙa masa abin da zai yi aiki da shi a ranar. Shi ke nan rabon aiki. Baƙo zai ɗauka abin da hannunta ya fara taɓawa take bayarwa, amma mu mun san ba haka ba ne. Ta taɓa ce mini ita ba ta sauraron amsar gaisuwa, don kowa lafiya lau yake cewa. Yadda mace ta ajiye jakarta take kallo, da yadda ta ɗaura ɗankwali, da ko tun daga nesa ta fara gaisuwar ko sai da ta iso.

Duk wadda ta kwana da fushi, muciya take samu. Maman 'yan biyu takan ce shekarar da aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa wani gari ya bar ta da yara, marasa lafiya sun ci tuwon da ba su taɓa cin mai laushinsa ba. In mata biyu suka yi faɗa, Gwaggo ba ta kiran sulhu, ba ta tambayar wa ya fara. Faifai ɗaya za ta ba su, su zauna gwiwa da gwiwa suna tsintar tsakuwa a wake, ko a yi magana ko a wuni ana karo da yatsu. Yawanci kafin sha ɗaya za ka ji ɗaya ta ce wa ɗaya matsa mini. Wadda aka sa wa ranar aure kuwa, ba ta zuwa kusa da gishiri sai an gama biki, don Gwaggo ta ce hannunta yana kicin amma kanta yana kantin atamfa.

Sai albasa. Kicin ɗin da yake ciyar da asibiti guda, albasarsa ba ta gida ba ce, daro ake cikawa. A bayan sito akwai wani lungu, mai yanka yana zama fuskarsa ga bango, bayansa ga mutane. Wanda Gwaggo ta ga yana buƙatar kuka, shi take miƙa wa wuƙa. Ba wanda ya taɓa faɗin wannan doka da baki, amma kowa yana bin ta: ba a yi wa mai yankan albasa magana, ba a leƙa fuskarsa, in ya fito da ido ja ba a tambaya, ai albasa ce. Na ga mata da yawa sun shiga lungun nan da safe kafaɗa a sanƙare, sun fito da rana sun wanke fuska sun nemi abinci.

Ba kullum take dacewa ba. Akwai wani dattijo mai faskaren itace da ya zo da ido jajir, Gwaggo ta tausaya masa ta ba shi wuƙa kwana biyu a jere. A rana ta uku wata nas ta shigo karɓar ruwan zafi, ta gan shi, ta ce a maza a kai shi ɗakin masu ciwon ido, afolo ce ta kama shi. Ashe bawan Allah ba abin da ya dame shi, kunyar musu da Inna kawai yake ji. An daɗe ana tsokanar ta da wannan, ita ma takan yi dariya har ta share ido da gefen mayafi. Amma ba ta canja ba. Na taɓa tambayar ta me ya sa ba za ta tambayi mutum abin da ke damun sa ba kawai. Ta ce in ta tambaya, ta bar wa mutum hanya biyu ne, ko ya yi mata ƙarya ko ya tone kansa a gaban jama'a, kuma ita ba ta ga wadda ta fi daɗi a ciki ba.

Abin da ya shiga tsakanina da ita ya faru ne a shekarar da soja suka miƙa mulki. Lokacin na kai shekara biyu a kan keken abinci, kuma ina son aikin nan. Ka fita daga hayaƙi, ka ɗaura farin kyalle a gaba, ka zaga ɗakuna ana gaishe ka da suna. A gida kuma shekarata biyar da aure ban haihu ba. Sai Allah ya kawo ciki. Ban gaya wa kowa ba sai maigidana, ko mahaifiyata ba ta sani ba, ina jira ya yi ƙwari. A wata na uku, wata ranar Juma'a, ya zube.

Ranar Litinin na tafi aiki. Na goge zanena, na sa kwalli, na fara gaisuwa tun daga nesa da murya a sake, don na san abin da take kallo, na kuma shirya mata. Abu ɗaya na manta. Akwai ɗan tudu a ƙofar kicin, da zan tsallaka sai na dafa ƙyauren. Gwaggo ta amsa gaisuwata kamar kullum, ta miƙa mabuɗin keke ga wata, ni kuma ta miƙo mini wuƙa.

Na zauna a lungun nan ranar, ban yarda na yi kukan komai ba sai na albasa. Washegari ma wuƙa. Haka muka yi mako uku. Ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba, na san dalilinta tun a lokacin. Keken yana da nauyi, kuma ta ɗakin masu haihuwa yake bi. Aikin zaune ta ba ni, nesa da wuta, nesa da kukan jarirai. Amma abin da ya ƙona mini rai shi ne kowa a kicin ɗin ya san ma'anar albasa. Mata suka riƙa rage murya in sun zo wucewa ta bayana. Wata safiya na tarar an ajiye mini kunu a kofi, ba a ce daga wa ba. Sirrin da na ɓoye wa uwar da ta haife ni, ga shi an ɗora a daro an ajiye a tsakar kicin. Kuma ita da ta gani, ba ta taɓa jan hannuna gefe ta ce mini sannu ba. Kalma ɗaya nake jira, ta ƙi faɗa, ni kuma na ƙi nema.

A mako na uku na ƙi karɓar wuƙar. Hannunta yana miƙe, nawa yana bayana, mutane suna tsaye a layi.

"Inna, me na yi miki?"

"Ba ki yi mini komai ba."

"To a ba ni kekena."

"Ba yau ba."

"Sai yaushe?"

Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta cika yi ba. "Sai ranar da kika shigo ba ki dafa ƙofa ba."

Kowa ya ji. Na ce mata ita ba likita ba ce, ba kuma a aikin gwamnati da duba. Na faɗa da ƙarfi, a gaban waɗanda suka girme ni. Ta ajiye wuƙar a ƙasa ta kira na bayana.

A watannin nan an kawo mana sabon jami'in kula da ma'aikata, saurayi mai kirki, wanda ya kafa akwatin koke a jikin bangon ofis. Ko'ina maganar ke nan, a rediyo da cikin mota, cewa zamanin umarnin mutum ɗaya ya wuce, kowa yana da baki. Na zauna na cika shafi biyu. Na ce ba tsari a kicin, na ce ana rabon aiki da son rai, na ce an ƙasƙantar da ni mako uku ba laifi. Har na rubuta cewa an gama mulkin soja a ƙasa amma ba a gama shi a kicin ɗinmu ba. Na ji daɗin wannan jimlar da na rubuta ta, yanzu kuwa ko tuna ta ba na son yi.

Aka kira ta ofis. Ba ta daɗe ba ta fito. Sai bayan shekaru jami'in da kansa ya ba ni labari, yana ganin kamar abin dariya yake faɗa. Ya ce ya tambaye ta sau uku dalilin da ya sa ta ajiye ni a kan albasa mako uku, ya ma ce mata in akwai uzuri ta faɗa ya rufe maganar. Sau ukun amsa ɗaya ta ba shi: haka ta ga dama. Ta gwammace a rubuta ta a matsayin azzaluma da ta buɗe bakinta a kaina.

Mako na gaba aka manna takarda a ƙofar sito, an buga da keken rubutu, sunan kowa da aikinsa daga Litinin zuwa Lahadi. Gwaggo ba ta yi boko ba. Da yake ni ce mai sakandare, ni aka sa in riƙa karantawa. Aka buga ƙusoshi a bango aka rataye muciya da ludayi, kowa ya zo ya ɗauki nasa. Ita kuma ta ci gaba da zama a kujerarta da sassafe, ana gaishe ta tana amsawa, hannuwanta a kan cinya.

Takardar ta mayar mini da kekena. Ranar farko na tura shi har ɗakin masu haihuwa, wata ta ce in riƙe mata jaririnta ta gyara zama. Na riƙe. Da na fito na jingina keken a baranda na tsaya, ban san iya lokacin da na yi a tsaye ba, sai da miya ta huce. Da na koma kicin Gwaggo ta dube ni sau ɗaya ta kau da kai. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Zuwa can na ga moɗa da ruwan sanyi a inda nake ajiye jakata.

Ba zan ce takardar ba ta da amfani ba. An daina gunaguni a kan hutu, kowa ya san ranarsa. Sai dai takarda ba ta san wadda mahaifiyarta ke kwance ba, ba ta san waɗanda ba sa ga maciji da juna ba. Wani lokaci nakan ga Gwaggo ta raɗa wa mata biyu su yi musayar aiki, su yi a ɓoye kamar masu laifi, suna satar kallona. Shekara ɗaya da 'yan watanni ta yi a haka, sannan ta ajiye aiki, ta ce gwiwa. Aka ba ni shugabancin kicin.

Zumunci bai yanke ba, kuma wannan ya fi yi mini nauyi. Da Allah ya ba ni 'ya mace daga baya, Gwaggo ce ta tattaro kayanta ta tare a gidana kwana arba'in. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke korar masu barka in sun daɗe. Kullum ina shirya maganar a bakina. Wata rana da la'asar tana shafa wa jaririyar mai, na ce, "Gwaggo, maganar takardar nan da na rubuta." Ta ce in miƙo mata zanen yarinyar, iska tana shigowa. Na miƙa. Na gaya wa kaina ta yafe ke nan, ba ta son a tayar. Gaskiyar ita ce na samu hanyar gudu na bi. Ita ba ta tambaya, ni ba na faɗa, jini ɗaya ne.

Ganina na ƙarshe da ita, mako biyu kafin rasuwarta, tana zaune a tsakar gida tana jan carbi. Ta tambayi kowa na kicin ɗaya bayan ɗaya, har dattijon faskare da ya riga ta tafiya, na tuna mata, ta yi masa addu'a. Da zan tashi ta ce, "Wa yake yanka albasa yanzu?" Na ce wanda takarda ta ce. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da jan carbinta.

Ranar sadakar uku, duk wanda ba ya kan aiki a kicin ɗinmu ya zo gidan, Musulmi da Kirista, suka ce ba wanda zai dafa abincin sadakar Inna sai su. Aka kafa duwatsun murhu a tsakar gida, aka fito da manyan tukwane, aka zube ludaya da faifai da wuƙaƙe a kan tabarma. Sai kowa ya tsaya. Ba takarda a nan, ba ƙusa a bango. Suka juyo suna kallona, tunda ni ce shugaba. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da nake wuni da su kullum, ban ga komai ba. Ban san wa zan ba me ba.

Maman 'yan biyu ce ta sunkuya, idonta a kumbure. Ta miƙa wa wannan ludayi, ta miƙa wa waccan faifai, ta ba wasu mata biyu da suka kwana biyu ba sa magana da juna tsintar shinkafa. Sannan ta shiga ɗakin Gwaggo ta fito da kujerar nan 'yar tsugunno da Gwaggo ta taho da ita gida da ta ajiye aiki, ta kai ta bayan rijiya ta ajiye tana fuskantar bango. Ta jawo daron albasa ta dire a gabanta, ta dawo ta sa mini wuƙa a hannu.

"Ƙanwata, je ki zauna."

Na ce ni ya kamata in tsaya in duba aiki.

"Yau ba ofis ba ne," in ji ta.

Na je na zauna. Kujerar ta lotsa a tsakiya daidai zamanta. Na ji hayaniyar gida ta koma bayana, ba wanda ya matso, ba wanda ya kira ni. Hawayen farko na albasa ne, na san su. Ban san daga albasa ta nawa suka zama nawa ba. Na dai ji bakina yana gaya wa bango abin da ya kasa gaya mata tana da rai, cewa na ji zafin shirunta, cewa ta yi gaskiya, cewa ina roƙon ta yafe mini.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwancinta. Ya rufa mata asiri a ranar tonon asiri kamar yadda ta rufa nawa a ofishin nan. Ya yafe mata abin da ta kasa faɗa, ni ma ya yafe mini abin da na faɗa.

Albasar ta ƙare ban tashi ba, ban gama ba. Ina zaune da wuƙa a hannu sai na ji takun mutum a bayana. Aka ɗauke daron, aka ajiye wani cikakke a wurinsa, aka koma ba a ce komai ba.